Ƙararrawar coci mai shekara 500: gaskiya ce ko daɗin bakin mai jagora?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Karatu ne ya kawo ni Ingila, kwanakin baya kuma muka je garin Ipswich yawon buɗe ido. A tsakiyar garin akwai wani tsohon coci mai suna St Lawrence. Mai yi mana jagora ya ce ƙararrawa biyar ɗin da ke hasumiyarsa sun haura shekara 500, har ya ƙara da cewa abin da muke ji shi ne ainihin abin da mutanen wancan zamani suka ji. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Ƙarfen da ake duka safe da yamma, ta yaya zai kai haka bai fashe ba? Kuma ta ina aka san shekarunsa?

Amsa: Ƙanena, shakkarka tana kan hanya. Da wani cocin ka shiga cikin dubban da ke ƙauyukan Ingila aka gaya maka haka, da na ce mai jagoran ya haɗa shekarun gini da na ƙarfe ne ya miƙo maka a dunƙule. Hasumiya takan yi shekara 600 a tsaye alhali abin da ke rataye a cikinta an narke shi an sake zubawa sau biyu ko uku. Sai dai ka yi dace, ka faɗa kan wurin da maganar take gaskiya. Huɗu daga cikin biyar ɗin St Lawrence an zuba su ne wajen 1450, ta biyar ta biyo baya da shekara talatin zuwa arba'in, kuma masana sun yarda cewa babu wani jeri na ƙararrawa biyar da ake kaɗawa irin kaɗin Ingila wanda ya girme su. Masu bin su a tsufa su ne biyar ɗin cocin St Bartholomew da ke Smithfield a Landan, na wajen 1510.

Bari mu fara da ƙarfen, don nan shakkarka ta samo tushe. Ƙararrawar coci ba baƙin ƙarfe ba ce irin wilin motar da ake ratayawa a bishiyar makarantar firamare. Tagulla ce: jan ƙarfe kusan kashi 77 cikin ɗari, kuza kusan kashi 23. Kuzar nan irin wadda aka yi ta haƙa a Jos ce, su kuwa a wancan lokaci daga Cornwall da Devon suke samun tasu. Wannan haɗi ba ya tsatsa mai cin jiki. Iska da laima sukan yi masa kore-kore a fata, koren nan kuma shi ke zame masa riga, ba ya zarcewa ciki. Yawan kuzar ne ke ba ta amo mai tsawo, shi ne kuma ke sa ta gautsi. Ga tauri, ga gautsi, kamar tangaran. Idan harshenta, wato ƙarfen da ke rataye a cikinta, ya doke ta ya janye nan take, ta samu ta yi rawar jikinta, za ta jure duka na ɗaruruwan shekaru. Abin da ba ta yafewa shi ne a doke ta a danne. Akwai wata lalaci da masu gadin coci suka saba yi: maimakon su lilo da ƙararrawar, sai su ɗaura igiya a harshen su riƙa fizga. Harshen ya doka ya tsaya manne da leɓe, amon ya rasa inda zai bi. Ƙararrawa da yawa ta nan suka tsage.

Zubin kansa, duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu tukunyar zubi zai gane shi. Ana gina ciki da laka, a gina murfi na waje, a bar rata tsakaninsu daidai kaurin da ake so. Lakar ana kwaɓa ta da yashi da kashin doki da gashin akuya, don in ta ji wuta gashin da ɓurɓushin ciyawar su ƙone su bar 'yan ƙofofi da iska za ta fita. A binne a rami, a danne da ƙasa, a kwarara narkakken ƙarfe, a jira kwanaki ya huce. Da yake hanyoyi ba su da kyau, wani lokaci maƙerin ne ke tattaro kayansa ya zo ya haƙa raminsa a harabar cocin, kai har cikin cocin. Masu tonon kayan tarihi sun sha cin karo da irin waɗannan ramuka a ƙarƙashin daɓe.

To, ta ina ake sanin shekaru? Ƙararrawar tana ɗauke da takardunta a jikinta, in ka iya karatunsu. Na farko da na hau don in duba, a wani ƙauye ne, tsani na katako mai rawa, sama cike da kashin tattabaru, duhu sai da tocila. Dattijon da ya kai ni ya ce kada in haska rubutun gaba da gaba, in kwantar da hasken ta gefe. Ina yin haka sai ga haruffa sun taso daga cikin ƙura kamar tsagar fuska. Muka shimfiɗa takarda a kafaɗar ƙararrawar muka goga da baƙin kaki, rubutun ya fito fes, har da wani harafi da maƙerin ya dasa a juye bai lura ba sai da ƙarfe ya daskare.

Ƙararrawan da aka zuba kafin 1500 da wuya ka ga shekara a jikinsu. Akwai 'yan tsiraru, kamar ta ƙauyen Lissett a Yorkshire mai ɗauke da 1254, amma galibi addu'a ce kawai da harshen Latin, irin su "Sancta Maria ora pro nobis", wato roƙon Maryamu ta yi musu addu'a. Don haka sai a koma ga wasu shaidu. Siffa tana magana: na farko-farko dogaye ne sirara, kamar turmin da aka kife, daga baya ne suka gajarce bakinsu ya buɗe. Salon haruffa yana magana: na ƙarni na 14 manyan baƙaƙe ne masu zagaye, a ƙarni na 15 aka koma wasu tsukakku masu kusurwa. Wanda ya fi kowa magana shi ne hatimi. Kowane gidan zubi yana da hatimansa da yake dannawa a laka, gicciye ko garkuwa ko kan sarki, kuma hatiman nan gado ne, daga uba zuwa ɗa, daga maigida zuwa yaron da ya koya a hannunsa, wani lokaci ta hannun matar mamaci zuwa wanda ya aure ta. Idan an san daga takardun wasiyya da na haraji shekarun da wane ya yi aiki, an san lokacin ƙararrawarsa ke nan, da kuskuren shekara goma ko ashirin. Shi ya sa kullum za ka ji ana cewa "wajen 1450". Na Ipswich ba daga gida ɗaya suka fito ba: akwai na dangin Brasyer na birnin Norwich, masu hatimin garkuwa mai ƙararrawa uku da kambi, akwai ta Landan, akwai ta Bury St Edmunds.

Ga wani tarko da sabon shiga ke faɗawa. A ƙarni na 19 da na 20, idan aka narke tsohuwa aka sake zubi, sau da yawa akan kwafi rubutunta na asali a mayar a jikin sabuwar don girmamawa. Sai ka karanta Latin na zamanin da ka ce ka yi tsintuwa, ka zagaya bayanta ka tarar da sunan kamfanin da ya sake zubin da shekararsa. Kada ka yanke hukunci sai ka zagaye ta kaf.

Shaida ta biyu tana cikin akwati ne: littattafan kuɗi na wakilan jama'a masu kula da dukiyar coci. Ni a wurina sun fi tarihin sarakuna daɗin karatu. Kuɗin igiya, kuɗin man shafa wa gatari, kuɗin fatar da ake ɗaure harshe da ita, kuɗin abin shan masu kaɗi ranar naɗin sarki, kuɗin amalanken da ya kai fasasshiya gidan maƙeri. Kuma sukan auna ta kafin su miƙa, su sake aunawa in ta dawo, su biya kuɗin ƙarin ƙarfe ko a rage musu in ta rame, kamar dai mace mai wayo da ta kai zinariyarta a sake mata ƙira.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe, don shi ne ke bayyana dalilin da ya sa irin na Ipswich suka yi ƙaranci. Mutane sukan zaci yaƙi da rikicin addini ne suka cinye tsofaffin ƙararrawa. Sun ci nasu rabon. Bayan Sarki Henry na 8 ya raba gari da Paparoma a 1534, an rushe gidajen sufaye tsakanin 1536 da 1541, aka sayar da ƙararrawansu a matsayin ƙarfe. A zamanin ɗansa Edward na 6 an bi coci-coci ana rubuta kayan da ke ciki, har da yawan ƙararrawa, lissafin da ya zame wa masu bincike taska a yau. Amma cocin unguwa, wanda jama'a suka yi karo-karo suka saya wa kayansa, yawanci an bar masa abinsa. A Yaƙin Duniya na Biyu Jamus ta kwashe ƙararrawa fiye da dubu ɗari daga ƙasarta da ƙasashen da ta mamaye ta narke, Ingila ba ta ga wannan ba. Abin da ta gani shi ne hana kaɗi daga Yunin 1940, aka ce in an ji ƙararrawa to abokan gaba sun sauka, sai da aka yi nasara a yaƙin El Alamein a Masar aka ba da izinin kaɗawa a Nuwamban 1942, aka ɗage dokar a 1943.

Waɗanda suka fi narke su masoyansu ne. A da ƙararrawa lilo kawai take yi, a ja igiya ta ɗan karkata harshe ya doka. Sannu a hankali aka riƙa ƙara girman da'irar katakon da igiyar ke bi, daga rubu'i zuwa rabi, har a ƙarni na 17 ta zama cikakkiya. Daga nan ƙararrawa ta koma tsayawa baki sama, a ja ta ta yi juyi guda cur ta sake tsayawa baki sama ta ɗaya gefen. Da yake tana tsayawa a kan ma'auni, mai igiya yana iya ɗan riƙe ta ko ya gaggauta ta, ke nan yana da iko da lokacin da za ta yi magana. Juyi ɗaya yana cin kusan daƙiƙa biyu, saboda haka ba ta yin waƙa. Sai Turawan Ingila suka mayar da abin lissafi: a kaɗa su a jere, sannan a riƙa sauya jerin, kada wata ta matsa fiye da gurbi ɗaya gaba ko baya, kada a maimaita jeri ko sau ɗaya, kuma duk da ka, ba takarda. Wani mai suna Fabian Stedman yana cikin waɗanda suka tsara ƙa'idojin wannan fasaha a rubuce, a shekarun 1660 da 1670.

Yi lissafin da kanka. Ƙararrawa 5 suna ba da jeri 120. Shida, 720. Bakwai, 5,040, kaɗin kusan awa uku ba hutawa, wanda aka rubuta an fara kammala irinsa a cocin St Peter Mancroft na Norwich ranar 2 ga Mayun 1715. Takwas, 40,320. Duk matashin da ya ɗanɗana wannan, biyar ta yi masa kaɗan. Ga tagulla da tsada. Mafita mai sauƙi ita ce a sauko da manya huɗu ko biyar na kakanni, a farfasa, a zuba ƙanana shida ko takwas da ƙarfen. Haka aka yi ta yi a gari bayan gari, ana murna, ana walima, ana rubuta sunayen wakilan coci a jikin sababbin.

Guguwa ta biyu ta kunne ce. Ƙararrawa ba murya ɗaya gare ta ba. Duka ɗaya yana tayar da amo da dama a tare, biyar daga ciki su ne manya, kuma a tsofaffin ƙararrawan Ingila ba kasafai suke jituwa da juna sosai ba. Gyaran da ake yi a da na guduma da kurfi ne, a sassaƙe ciki ko leɓe har a kusanci abin da ake so. A 1895 da 1896 wani limamin coci, Arthur Simpson, ya yi rubutu yana cewa dole a daidaita dukkan biyar ɗin, gidan zubin Taylor na garin Loughborough ya kama wannan hanya da injin da ke kankare cikin ƙararrawa daidai wa daida. Sababbin suka fito da murya tas. Tsofaffin da ke gefensu sai suka zama kamar masu mura, aka tura da yawa tukunya, wasu aka ɗora su a inji aka kankare. Ban ce sabuwar murya ba ta da daɗi ba, tana da shi, amma duk ƙararrawar da aka kankare, muryar da maƙerinta ya ji ta tafi har abada.

Ga kuma ciwon cikin gida. Maɗaurin da harshe ke rataye a kai na baƙin ƙarfe ne, kuma tun wajen zubi ake dasa shi a cikin tagullar. Shi yana tsatsa, in ya yi tsatsa ya kumbura, ya tsaga kan ƙararrawar daga ciki. Harshen ma wuri biyu kacal yake duka, har ya yi kwarmi. Maganinsa a juya ƙararrawar rubu'in da'ira ya samu sabon wuri, a kuma huda a cire tsohon maɗaurin. Yau ana iya yi wa tsagaggiya walda, kuma coci ba ya da ikon narke tsohuwar ƙararrawa sai da izinin hukumar cocin Ingila, amma wannan kariya ta zo bayan an yi ɓarnar.

Me ya tsirar da na St Lawrence? A karatuna, maƙwabtaka ce. Ipswich tana da tsofaffin coci goma sha biyu na zamanin da, a cukuɗe a ɗan wuri. Taku kaɗan daga inda ka tsaya akwai St Mary-le-Tower, babban cocin gari, mai ƙararrawa goma sha biyu. Gwanayen kaɗi da masu kuɗin da ke son a rubuta sunansu can suka karkata, aka bar ƙaramin coci da biyar ɗinsa, ba wanda ya damu ya "gyara" su. A 1882 aka sake gina saman hasumiyar, aka yi mata ado da duwatsu, kyakkyawa a ido amma ba ƙarfi. Ka tuna ƙararrawa mai cikakken juyi tana tura gini gefe da ƙarfin da ya ninka nauyinta kusan sau biyu, ƙasa kuma kusan sau huɗu, babbar cikinsu kuwa ta haura kilo 600. A shekarun 1970 aka daina sujada a cocin, a 1985 aka ce hasumiyar ba ta da aminci, aka yi shiru. Sai a 2008 aka buɗe ginin a matsayin wurin cin abinci da taron jama'a, gidan zubin Whitechapel na Landan ya duba ƙararrawan, aka rataye su a sabon firam can ƙasa, inda ginin asali mai kauri yake, suka sake magana a Satumban 2009. Whitechapel ɗin ma ya rufe a 2017.

Kwatanta da St Mary-le-Bow na Landan, wanda sunan ƙararrawansa ya fi na kowane cocin unguwa tafiya, har ake cewa ba ka cika ɗan asalin birni ba sai an haife ka inda ake jin su. Tun 1469 aka ba da umarnin kaɗa ta ƙarfe 9 na dare. Babbar gobarar Landan ta 1666 ta cinye ƙararrawan, mai zanen gine-gine Christopher Wren ya sake gini, bama-baman Mayun 1941 suka sake kayar da su. Goma sha biyun da ke can yanzu zubin 1956 ne, a 1961 aka fara kaɗa su. Suna tsoho, ƙarfe sabo.

In ka samu sarari ka leƙa ƙauyen East Bergholt, kudu da Ipswich, ba nisa. An fara hasumiyarsu a 1525, aiki ya tsaya a 1530, sai suka kafa wata rumfar katako a harabar coci a 1531 suka zuba ƙararrawa biyar a ciki kafin a ƙarasa. Har yau ba a ƙarasa ba. Nauyinsu gaba ɗaya ya haura tan huɗu, ba igiya, mutum ne ke tsayawa a gefe ya tura katakon da hannu. Nan za ka ga juyin da na kwatanta maka da idonka, a ƙasa, ba sai ka hau tsani ba.

Kada kuma ka ɗauka aikinsu kiran sujada ne kawai. A da su ne agogo, su ne sanƙira. Akwai ta asuba, akwai ta dare mai cewa a rufe wuta. In an yi rasuwa, a wurare da yawa akan buga uku sau uku ga namiji, uku sau biyu ga mace, sannan a ƙirga shekarun mamaci ɗaya-ɗaya, manomi yana gona ya tsaya ya lissafa ya san wanda ya tafi. Wadda ta fi burge ni ita ce ta kala. A ƙauyukan gabashin Ingila, bayan girbi, ba mai shiga gona yin kala sai an kaɗa ta da safe, kuma in an kaɗa ta yamma kowa ya fito, don tsohuwa da mai goyo su samu daidai da mai ƙarfin sammako.

Saura maganar mai jagoranku ta ƙarshe. Mutanen gari suna kiran biyar ɗin nan ƙararrawan Wolsey, saboda Kadinal Thomas Wolsey, babban limamin Katolika kuma wazirin Henry na 8, a Ipswich aka haife shi wajen 1473, ɗan mahauci in ji masu ba da labari, ya rasu a 1530. Yana yaro aƙalla huɗun farko suna rataye, kuma tun da ba a sake zuba su ba, ba a kankare su ba, muryarsu ita ce wadda ta shiga kunnensa. Nan mai jagora ya yi gaskiya. Amma sauya jeri bai zo ba sai bayan mutuwarsa da shekaru kusan ɗari. Shi abin da ya ji lilo ne, wannan ta doka, waccan ta doka, wani lokaci su haɗu su rikice. Idan ka koma ka tarar mutum biyar sun kama igiya suna zagaye jeri 120 ɗin nan, wanda ke cin minti huɗu da 'yan kai, wannan kam Wolsey bai taɓa jin sa ba.